Akwatin gwajin haske da na sayo a Kano: wata huɗu a hannun ɗalibaina

Wata huɗu ke nan da na sauko da akwatin nan daga motar da na hawo a tashar 'Yankaba, na ɗaure shi da roba a bayan babur, na shiga da shi ƙauyen da nake koyarwa a ƙasar Ringim. Na ƙi cewa komai a kansa tun a lokacin, domin kayan gwaji ba a yanke masa hukunci ranar da aka ɓare shi daga leda. Sai ya sha ƙurar hunturu, ya ji zafin bazara, ya bi ta hannun yara sittin da 'yan kai, sannan a san ko kuɗi sun tafi inda ya dace. Yanzu duk ya ga waɗannan, shi ya sa na ɗauki alƙalami, musamman saboda 'yan'uwana malaman fiziks na karkara da ke ta tambayata ko su ma su saya.

Shekara 11 ina koyar da babin igiyoyin haske da alli kawai. In zana tudu da kwari a allo, in ce wa yara idan tudu ya gamu da tudu haske ya ƙaru, idan tudu ya gamu da kwari sai duhu. Su rubuta, su haddace, su amsa a jarrabawa, amma a idonsu kana ganin ba su yarda ba. Kuma da gaskiyarsu. Wa ya taɓa kunna fitila biyu ya ga duhu ya fito? A ɗaya gefen kuma ina karatun digiri na biyu a ƙarshen mako, kuma abin da aka ba ni in karanta shi ne yadda masana ke sanyaya ƙwayoyin zarra su tsare su a cikin ragar da aka saƙa da haske, su girgiza ragar, da nufin samar da wani irin ruwa marar tirjiya mai siffa ta musamman. Kullum ina jin tazarar da ke tsakanin takardun da nake karantawa da dare da ajin da nake shiga da safe. Akwatin nan na saya ne don in ga ko zai rage wannan tazarar ko da taku ɗaya.

Shagon yana gefen Sabon Gari, irin masu sayar wa makarantu kayan ɗakin gwaji. Naira 46,000 muka daidaita bayan ciniki. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ba da rabi, na cika rabi daga aljihuna. A ciki akwai fitilar leza ja mai tsawon zango nanomita 650, da koriya mai 532, da ƙananan madubai biyu, da wani gilashi mai raba haske gida biyu, da tabarau mai baza haske, da ɗan farantin da aka yi wa tsagu 600 a kowace milimita, da ƙafafun roba da ake ɗora su duka a kai. Wannan farantin mai tsagu yara suka laƙaba wa suna matsefi, sunan kuma ya zauna. Maganar tsawon zango ba ta ba su wahala ba, tunda kowa ya tashi yana jin rediyo na cewa a kama mu a kan mita kaza a gajeren zango. Na ce musu abu ɗaya ne, sai dai zangon haske ya fi na rediyo gajarta nesa ba kusa ba: nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Matsefin shi ne abin da ya fi komai inganci a akwatin, kuma shi kaɗai ma ya kusa biyan kuɗinsa. Ranar farko muka rufe tagogi da tabarmi, na kafa jar fitila tazarar mita ɗaya daga bango, na sa matsefi a gabanta. Maimakon ɗigo ɗaya sai ga ɗigo uku a jere, ɗaya a tsakiya, ɗaya dama, ɗaya hagu. Aji ya yi tsit. Na miƙa wa wata ɗaliba da ke zama a layin gaba tef ɗin awo na telan unguwarmu, ta auna daga na tsakiya zuwa na gefe, ta ce, "Malam, santimita 42." Muka sa a lissafin da suka daɗe da haddacewa, amsa ta fito daf da 650. Da muka canja zuwa koriya, tazarar ta dawo wajen santimita 34. Yarinyar ta tsaya tana duban tef ɗin a hannunta, ta ce, "Wato da abin awon riga muka auna haske?" Na ce da shi kuwa.

Abin da ya sa ɗigon nan uku suka taɓa ni fiye da yadda yara suka sani shi ne, na taɓa ganin irinsu a wani hoto da ya shahara a fagen da nake karantawa, amma can ba haske ne ya yi su ba, ƙwayoyin zarra ne.

Sai na ɗan koma baya. Zafi ba komai ba ne illa motsin ƙwayoyin abu. Iskar da ke cikin ajinmu ƙwayoyinta na gudun kusan mita 500 a sakan guda. In ka rage musu gudu ka sanyaya su, kuma sanyi yana da iyaka, wato digiri 273.15 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Masana sun gano yadda ake taka wa ƙwayoyin burki da hasken leza da ke dukansu ta fuskoki shida, aikin da ya jawo wa Steven Chu da Claude Cohen-Tannoudji da William Phillips kyautar Nobel a 1997. Bayan leza ta yi iyakar ƙoƙarinta, sai a koma ga dabarar randa: a bar mafiya zafi su tsere, na baya su ƙara sanyi, kamar yadda randar ƙasa ke tsatsafo da ruwa iska ta kwashe, na ciki ya yi sanyi. Da wannan ne a 1995, a garin Boulder na Amurka, Eric Cornell da Carl Wieman suka kai ƙwayoyin wani ƙarfe mai suna rubidiyam kusan 2,000 zuwa nanokelbin 170, wato kashi 170 cikin biliyan na digiri ɗaya sama da iyakar sanyi. A nan gudunsu bai wuce 'yan milimitoci a sakan ba, tururuwa ma ta fi su sauri. Kuma a nan suka daina zama ɗaiɗaiku, suka haɗe suka zama igiya guda. Wolfgang Ketterle ya yi irin haka da sodiyam a jami'ar MIT ta Amurka a shekarar, su ukun suka karɓi Nobel a 2001.

Ragar kuma ga yadda take. In ka harba leza a madubi ta dawo ta kan hanyarta, mai tafiya da mai dawowa sai su haifar da igiya tsayayya, haske da duhu a jere, tazararsu rabin tsawon zango. In ka yi haka ta fuska biyu ko uku, ka sami gurabu a jere reras. Ni dai da na zo bayyana wa yara, waje muka fita, na tona gurabun dara a ƙasa, muka zuba tsakuwa. Ƙwayoyin zarra masu sanyi haka suke faɗawa gurabun haske su zauna. Bambancinsu da 'ya'yan dara shi ne, ba sa jiran hannu ya ɗaga su. Ƙwaya na iya ɓullewa ta cikin katangar da ke tsakanin gurbi da gurbi ta bayyana a na kusa. A 2002, a Munich ta Jamus, Markus Greiner da Immanuel Bloch da abokan aikinsu suka zuba rubidiyam a irin wannan raga, suka kashe hasken kwatsam, suka ɗauki hoton yadda ƙwayoyin suka bazu. Idan gurabun ba su da zurfi, ƙwayoyin na yawo a duk ragar a matsayin igiya guda, sai hoton ya fito da ɗigo-ɗigo a tsare, 'yan'uwan waɗanda muka gani a bangon ajinmu. Da suka zurfafa gurabun, kowace ƙwaya ta maƙale a gurbinta, ɗigon suka ɓace, sai dusu-dusu kawai. Na nuna wa yara hoton a wayata kusa da bangon da jan ɗigonmu ke kai. Ban yi dogon bayani ba, su da kansu suka ga kamar.

Daga nan ne wahalar akwatin ta fara. Gwaji na biyu shi ne a raba haske biyu da gilashin nan, kowane rabi ya je ga madubinsa ya dawo, su haɗu a bango su yi ratsi-ratsi na haske da duhu. Takardar da ke cikin akwatin ta nuna abin kamar aikin minti biyar. Sati biyu na yi ban ga ratsi ko ɗaya ba. Ƙafafun roban nan su ne babban aibin kayan. Ba su da nauyi, sukurorin saita madubi suna da sako-sako, ka saita ka saki hannu madubi ya sunkuya. Sannan takardar ba ta faɗi abin da ya fi muhimmanci ba: jar fitila mai araha irin wannan ba ta ba da ratsi sai in tazarar madubai biyun daga gilashin tsakiya ta kusa zama daidai wa daida. Da ƙyar na gano haka, bayan na koma littattafaina.

Ko da na daidaita tazarar, sai ratsin ya bayyana ya ɓace kamar walƙiya. Wata ranar Asabar na zo makaranta ni kaɗai da sassafe, na kunna, sai ga su tsaye cak, ja da baƙi, ja da baƙi, kamar saƙar zane. Ina cikin kallo, can bayan katanga aka tayar da injin niƙa, nan take suka narke. Ashe duk kwanakin nan injin ne. Madubi in ya motsa rabin tsawon zango kawai, wato nanomita 325, ratsi guda ya gusa ya maye gurbin na kusa da shi. To ina ga ƙasar da injin niƙa ke jijjigawa tun safe har azahar? Maganin da na yi bai ci ko naira dubu biyu ba. Na karɓo tsohon tub ɗin babur wajen mai faci, muka ba shi iska kaɗan, na ɗora masa falon siminti irin na rufin kwata, na manne ƙafafun roban a kan falon da gam. Tun daga ranar, ko injin na aiki ana ganin ratsin, sai dai ɗan rawar da ba a rasa ba. Yara kan tsaya nesa su tafa hannu sau ɗaya su ga ratsin ya girgiza ya koma. Ba sa gajiya da wannan.

Yanzu ga abin da ya sa na ce sai na rubuta wannan sharhi. Ba ya cikin takardar akwatin, amma akwatin ne ya ba da damar yin sa.

A ɗakunan gwajin da ke girgiza ragar haske, ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi ita ce a ɗora madubin da ke mayar da leza a kan wani abu da ake kira fiyezo, wanda ke miƙewa ya tsuke idan an ba shi wuta. Madubi ya motsa gaba da baya, raga duka ta bi shi. To irin wannan fiyezon ne ɗan faifan tagulla da ke yin ƙara a cikin agogon ƙararrawa. Na ɓalle ɗaya daga wani mataccen agogo, na manna masa ɗaya daga cikin madubai, na jona wayoyinsa da igiyar abin sauraren kunne, na sa wayata ta riƙa fitar da sauti guda marar yankewa. Sannan na fara ƙara murya a hankali, mataki-mataki, muna kallon bango.

Da farko ratsin ya fara dushewa. Na ƙara, ya ƙara dushewa. A wani mataki ya ɓace ɗungurungum, bango ya zama ja sumul. Wani yaro daga baya ya ce, "Shi ke nan, Malam, ya lalace." Na ce a dakata. Na ƙara murya kaɗan, sai ga ratsin ya dawo, da rauni, bai kai rabin ƙarfinsa na farko ba, amma ya dawo. Kafin mu fara na sa an manna ɗan tef a bango daidai kan wani ratsi mai haske. Da ratsin ya dawo, tef ɗin nan a kan duhu yake zaune. Haske da duhu sun yi musayar wuri.

Ban iya ɓoye farin cikina ba, har shugaban makaranta ya leƙo ya ga me ake yi. Dalili shi ne, lissafin da ke bayan wannan dushewa da ɓacewa da dawowa a juye, shi ne dai lissafin da ke bayan abin da aka gani a Pisa ta Italiya a 2007, lokacin da aka girgiza ragar da ke ɗauke da rubidiyam mai sanyi. Da aka ƙara ƙarfin girgiza, ɓullewar ƙwayoyi daga gurbi zuwa gurbi ta ragu, a wani mataki ta tsaya cak, aka wuce nan ta dawo da alama a juye. A duka biyun, wurin ɓacewar yana faɗowa ne inda ma'aunin girgizar ya kai kusan 2.4. Ido ba ya bin motsin madubin saboda saurinsa, matsakaicinsa kawai yake gani. Haka su ma ƙwayoyin ba sa bin kowace girgiza, sai su ji kamar an canja musu dokar wurin baki ɗaya. Tushen lissafin abubuwan da ake kaɗawa a kai a kai yana komawa ga wani Bafaranshe, Gaston Floquet, tun 1883, shi ya sa sunansa ke bin wannan fage har yau. Wannan darasi, cewa girgiza ba ɓarna kaɗai take yi ba, tana iya ƙera sabon hali, ban taɓa zaton zan nuna shi a bangon ajin da ko silin ba shi da shi ba.

Gaba da baya kenan. In kuma aka girgiza a zagaye fa? Duk wanda ya taɓa zama kusa da mahaifiyarsa tana juya faifai da tsaba ya san amsar: tsabar takan ɗauki hannu guda ta riƙa kewayawa, in aka juya hannu ita ma ta juya. A 2014, a Zurich ta Suwizalan, rukunin Tilman Esslinger suka zuba ƙwayoyin fotasiyam-40 a raga mai siffar saƙar zuma, suka kaɗa madubai biyu yadda ragar ke zagayawa sau dubbai a sakan. Ƙwayoyin ba su da cajin lantarki, amma suka koma nuna hali kamar maganaɗisu na karkatar da su: a tura gajimarensu gaba ya goce gefe, kuma gefen da yake gocewa ya dangana ga hannun da ake juya ragar. Da haka suka tabbatar da wani tsari da Duncan Haldane ya rubuta a takarda tun 1988, shekara 26 kafin nan. Haldane ya raba Nobel ta 2016 da David Thouless da Michael Kosterlitz, kan shigo da ilimin tofoloji cikin fahimtar halayen abubuwa.

Tofoloji kuwa na bayyana shi ne da ƙuli-ƙuli da fura. Dunƙulen fura ka matsa shi, ka miƙe shi, ka faɗaɗa shi, ba shi da ƙofa. Ƙuli-ƙuli mai zobe ko ya karkace ko ya bauɗe, ƙofarsa ɗaya ce, kuma ba ta tafiya sai ka karya shi. Ba a rabin ƙofa. Haka wasu halaye na igiyoyin ƙwayoyi suke, ana ƙirga su da cikakkiyar lamba, ƙananan kurakurai ba sa canja su. Abu mai irin wannan lamba yakan kasance cikinsa a kulle, amma a bakin iyakarsa akwai hanyar da ba ta toshewa.

Ruwa marar tirjiya shi ne ɗaya rabin maganar. Tun 1938 Pyotr Kapitsa a Mosko, da John Allen da Don Misener a Cambridge ta Ingila, suka ba da rahoton cewa iskar hiliyam da aka sanyaya ta zama ruwa, in ruwan ya sauka ƙasa da kelbin 2.17, wato digiri 2.17 sama da iyakar sanyi, yana bi ta ƙofofin da suka fi gashi siranta ba tare da wata tirjiya ba. Har bangon kofi yake hawa ya zubo waje. Ɗan'uwansa mai sauƙin nauyi, hiliyam-3, sai a 1972 David Lee da Douglas Osheroff da Robert Richardson suka gano nasa a jami'ar Cornell, a sanyin da ya ninka wancan kusan sau dubu. Abin da ya jinkirta shi, ƙwayoyinsa daga jinsin da ake kira famiyon suke, waɗanda biyu masu kama ɗaya ba sa zama a hali guda. Sai sun yi aure bibbiyu kafin su gudana tare. Kuma auren hiliyam-3 na musamman ne, ma'auratan kewaya juna suke yi, wanda shi ya sa ake lissafa shi cikin ruwaye marasa tirjiya masu lambar tofoloji.

Burin da ake bi shi ne a gina irin wannan da gangan, da ƙwayoyi masu sanyi a ragar haske, inda kowane abu na hannun mai gwaji: zurfin gurbi, siffar raga, ƙarfin jan juna. Auren famiyon na gama-gari an riga an same shi. A 2005 rukunin Ketterle suka juya gajimaren litiyam-6 suka ga 'yan guguwoyi sun jeru a cikinsa, shaidar cewa ya zama marar tirjiya. Amma wancan aure ne tsakanin iri biyu mabambanta. Wanda ake nema na masu kama ɗaya ne, su kuwa a irin wannan sanyi gudun juna suke yi, in kuma aka matsa musu da maganaɗisu sai su riƙa cuɗewa suna ficewa daga tarko. Shi ya sa aka koma ga dabara: a bar auren gama-gari yadda yake, a yi amfani da girgizar raga ko hasken leza a murɗa hanyoyin da ƙwayoyin ke bi, har auren ya ɗauki siffar wancan. Babban abokin gaba a nan zafi ne. Ƙwayoyin da ke mu'amala da juna suna shan ƙarfi daga girgizar, a hankali su ɗumama, tsarin ya rushe. Girgizar dole ta fi ɓullewar ƙwayoyi sauri sosai, amma kada ta kai saurin da zai cilla su zuwa hawa na sama a cikin gurbi. Tsakanin waɗannan biyu ne ake neman ɗan sarari.

Ɗalibar nan mai tef ita ta yi tambayar da ta dace. "Malam, in an samu, me za a yi da shi?" Na ce mata lissafi ya nuna cewa a bakin iyakar irin wannan ruwa, da cikin idon guguwoyinsa, akwai wani hali da ke ɗauke da sunan Ettore Majorana, Ba'italiyen da ya yi hasashen ƙwayar da ita ce kishiyar kanta a 1937. A 2001 Alexei Kitaev ya nuna yadda biyu daga cikinsu za su zauna a ƙarshen sarƙa guda, ɗaya nan ɗaya can, su riƙe bayani guda a tsakaninsu. Kamar ka raba sirri gida biyu, ka ajiye rabi a Ringim rabi a Gumel. Wanda ya taɓa rabi ɗaya bai karanta komai ba, bai kuma ɓata komai ba. Masu son gina kwamfutar kwantum, wato mai lissafi da halayen irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi, wadda ba ta yawan kuskure, wannan suke kwaɗayi. Ta rubuta sunayen biyu a bayan littafinta.

Kada wani ya fahimce ni ba daidai ba. Akwatin nan ba ya sanyaya ko ƙwaya ɗaya, ba kuma zai nuna maka ragar kanta ba, tunda tazarar gurabunta ba ta kai abin da ido ke gani ba. Haske kawai yake nunawa, da lissafin da haske ya yi tarayya da ƙwayoyin a cikinsa. A wurina wannan ya isa.

Sai koriyar fitila, wadda a kanta nake da ƙorafi na gaske. An rubuta a jikinta cewa ƙarfinta bai kai miliwat 5 ba. Irin waɗannan fitilu ba kore suke haifarwa kai tsaye ba: akwai haske marar ganuwa mai zango 808 da ke kunna wani ƙaramin lu'ulu'u ya ba da 1064, wani lu'ulu'un ya raba zangon biyu ya zama 532. Wannan 1064 ɗin ma shi ne zangon da ɗakunan gwaji da yawa ke saƙa ragarsu da shi. Fitila mai kyau ana sa mata matacin da ke tare marasa ganuwan kada su fito, masu araha kuwa sau da yawa ba a sa musu. Wata safiya cikin hunturu na ga korenta ya dushe saboda sanyi, wani yaro ya kai fuska zai leƙa bakinta, na daka masa tsawar da ban taɓa yi a aji ba. Da dare na gwada ta a ɗakina: na sa matsefi, na duba bango ta kyamarar wata tsohuwar waya. Can wajen santimita 55 daga tsakiya, inda idona ba ya ganin komai, kyamara ta nuna ɗigo. Wato fitilar na fitar da hasken da ido ba ya gani, ba ya kuma ƙiftawa don kare kansa daga shi. A kayan da aka ce na yara ne, wannan ba ƙaramin laifi ba ne.

Na mayar da ita shagon a zuwana Kano na gaba. Na ce, "Alhaji, wannan ba ta dace da makaranta ba," na nuna masa hoton. Ya saurare ni da mutunci, ya ce, "Malam, haka suke zuwa a kwali, ba mu muke haɗa su ba." Ya canja mini da wata jar fitila ba tare da gardama ba, har ya ƙara mini batir. Na yaba masa da wannan. Amma sauran akwatunan da ke kan kanta na gan su da koriyarsu a ciki, kuma wani malamin zai zo ya saya bai sani ba.

Sauran ƙananan abubuwa ba su da yawa. Takardar bayani Turancinta a hargitse yake, kada ka dogara da ita. Madubai suna kama ƙura cikin kwana biyu, kuma fuskarsu ta gaba ce mai sheƙi, in ka goge da gefen riga ka karce ta har abada. Ni a robar abinci mai murfi nake ajiye su, in hure su da ɗan famfon roba. Jar fitila ba ta cin batir, ƙanana biyu sun kai mu kusan zangon karatu guda. In kana son yara su ga hanyar hasken a iska, kaɗa tsumman goge allo sau ɗaya ya wadatar, amma ka rufe madubai tukuna.

Ina ba da shawarar sayen akwatin ga duk malamin da ke da haƙurin zama da shi Asabar biyu ko uku kafin ya kai shi gaban yara. In za ka je, tafi da batir naka, ka kunna jar fitila a shagon ka ga ɗigonta zagaye yake ba tsagagge ba, ka ɗaga gilashin raba haske ka duba ko ya karce, ka kuma ce a cire maka koriyar a ba ka ja a madadinta tun kafin ka biya. Ka ware kuɗin tub da falon siminti da gam. Ƙafafun roban kuwa na riga na kai wa mai walda a bakin kasuwa samfurin guda, zai yi mini uku da ƙarfe, da sukurori masu siririn zare irin na kabureta, ya ce in zo ranar Laraba in karɓa.